Rabin kwabo: inda lissafin kuɗi ke ɓaci wajen daidaita shi zuwa kwabo mafi kusa

A ranar 1 ga Janairun 1973 Nijeriya ta bar fam da sule ta koma naira da kwabo. Fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ɗaya mai tsohon kwabo 12 ya zama sabon kwabo 10. Sisi ya faɗa daidai kan kwabo 5, babu gardama. Taro ne ya zo da magana, domin tsohon kwabo uku a sabon kuɗi kwabo biyu da rabi ne. A lokacin an buga tsabar rabin kwabo, don haka mai taro zai iya karɓar haƙƙinsa cif. Yau rabin kwabon babu shi, shi kansa kwabon ya daɗe da barin aljihun mutane. Amma yana nan daram a littafin banki, a rasit, a takardar albashi da lissafin haraji, duk ana rubuta shi a gurbi biyu bayan ɗigo. Lissafi kuwa bai san da wannan iyakar ba. Da zarar an raba ko an cire wani kaso cikin ɗari, sai ya fito da rabin kwabo, sulusin kwabo, ko ɓurɓushin da ba ya ƙarewa, kuma dole wani ya yanke hukunci a kansa.

Ƙa'idar da aka koya wa kowa a makaranta gajeruwa ce: a duba lamba ta uku bayan ɗigo, in ta kai 5 a cika kwabon, in ba ta kai ba a yar da ita. ₦14.924 ta zama ₦14.92, ₦14.926 ta zama ₦14.93. Wannan daidai ne, kuma ba a nan yawancin ɓarnar take ba. Masu aikin akanta da masu rubuta manhajar kuɗi sun san cewa rikicin yana fitowa ne daga wasu tambayoyi da makaranta ba ta taɓo ba: a wane mataki na lissafin za a daidaita, sau nawa, kuma kwabon da ya ragu ko ya ƙaru wa zai ɗauke shi.

Harajin VAT ya isa misali. Tun watan Fabrairun 2020 aka ɗaga shi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari, kuma wannan sauyin ya haifar da abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. A kashi 5, harajin kowace naira kwabo 5 ne cif, don haka farashin da ba shi da kwabo ba ya haifar da ɓurɓushi. A kashi 7.5, harajin naira ɗaya kwabo bakwai da rabi ne. Ke nan duk farashin da bai rabu biyu daidai ba, irin su ₦199, ₦455 ko ₦1,001, harajinsa zai tsaya tsam a kan rabin kwabo. Abin da littafin makaranta ke ɗauka kamar sai an dace ake cin karo da shi, a nan rabin farashin da ake da su ne.

A ce kaya uku ne a rasit, kowanne ₦199. Harajin kowanne ₦14.925. In aka daidaita layi-layi, kowanne ya zama ₦14.93, jimla ₦44.79. In kuma aka fara haɗa kuɗin kayan, ₦597, sannan aka cire harajin, za a sami ₦44.775, wato ₦44.78. Kwabo ɗaya ya shiga tsakani, kuma babu wanda ya yi kuskure. Da kayan goma ne, hanyar farko za ta ba da ₦149.30, ta biyu ₦149.25. Inda abin ke zama ciwon kai shi ne a ce na'urar kanti tana bin hanyar farko, manhajar ofishin akanta tana bin ta biyu. Ƙarshen wata littattafan biyu ba za su haɗu ba, ma'aji ya kwana yana neman naira goma sha wani abu da babu wanda ya ɗauka. Daidaitawa a kan jimla ta fi kusa da ainihin harajin, domin sau ɗaya ake yi, kuskuren ba ya wuce rabin kwabo a rasit guda. Daidaitawa layi-layi kuma tana da nata amfanin: in mai saye ya dawo da kaya ɗaya daga cikin ukun, an riga an san harajin da ke kansa. Kowacce aka zaɓa ta yi, muddin dokar haraji ba ta hana ba, kuma duk na'urorin kamfanin suna bin ita ɗin.

In farashin ya riga ya ƙunshi harajin, wani tarkon ne daban. Kaya na ₦1,000 da VAT a ciki, harajinsa ba ₦75 ba ne. Ana raba 1,000 da 1.075 a sami ₦930.2325 da 'yan kai, wato ₦930.23, sai a cire wannan daga dubun a sami haraji ₦69.77. A daidaita ɓangare ɗaya kawai, ɗayan a samo shi ta hanyar ɗebewa. Ta haka ne kaɗai ake da tabbacin cewa biyun za su koma daidai kuɗin da mai saye ya biya.

Shi kansa rabin kwabon, ba kowa ne ya yarda a riƙa cika shi kullum ba. Dalilin yana da sauƙin gani. Ɓurɓushin da ke ƙasa da rabi ana yar da shi, na sama da rabi ana cika shi, waɗannan suna kashe juna a tsawon lokaci. Rabi cif kuwa ba shi da abokin da zai kashe shi, in kullum sama ake tura shi, jimla za ta riƙa karkata gefe guda. Ciniki miliyan ɗaya da kowanne ya faɗa kan rabin kwabo ya tara ƙarin ₦5,000. Maganin da aka samo shi ne abin da ake kira daidaitawar 'yan banki: in ɓurɓushin rabi ne cif, a kai shi ga kwabon da ke rabuwa biyu daidai. Kwabo 1,492.5 ya koma 1,492, kwabo 1,507.5 ya tafi 1,508. Wani ya sauka, wani ya hau, karkatar ta mutu. A kan kashi 7.5 ma abin yana tafiya bi da bi: harajin naira ɗaya ya tafi kwabo 8, na naira uku ya sauka 22, na biyar ya tafi 38, na bakwai ya sauka 52.

Sunan kada ya ruɗi mutum, ba doka ba ce a kan bankuna. Kuma tana da nata aibin: abokin ciniki da ya ɗauko kalkuleta ya ga ₦14.925 an rubuta masa ₦14.92 a nan, ₦15.075 kuma ₦15.08 a can, zai zaci na'urar ce ta rikice. Don haka a rasit da duk takardar da mutum zai bi da kalkuletarsa, ƙa'idar makaranta ta fi kwanciyar hankali. A lissafin cikin gida mai tara miliyoyin lambobi, ta 'yan banki ta fi adalci. Abin lura shi ne kayan aiki ba su haɗu a kan ɗaya ba. Umarnin ROUND na Excel yana nisantar da rabi daga sifili, 2.5 ta zama 3. Umarnin round na harshen rubuta manhaja Python 3 yana bin ta 'yan banki, 2.5 ta zama 2. Wanda ya kwashe lissafi daga wannan ya kai wancan ba tare da ya bincika ba, zai ga kwabbai suna motsi da kansu.

Datsewa, wato a sare duk abin da ke bayan gurbi na biyu ba tare da duba shi ba, ita ce mafi haɗari, domin kullum ƙasa take ja. Kasuwar hannun jari ta birnin Bankuba (Vancouver) a Kanada ta ɗanɗana. A watan Janairun 1982 ta buɗe sabon ma'aunin farashi a kan 1000.000. Kwamfutar tana sabunta shi kusan sau dubu uku a rana, kuma kowane karo tana datse sakamakon a gurbi na uku maimakon ta daidaita shi, sannan ta ɗora lissafi na gaba a kan datsattsen. Zuwa watan Nuwamban 1983 ma'aunin yana nuna 524.811. Da aka sake lissafin yadda ya kamata, sai ya fito 1098.892. Fiye da rabin ma'aunin ya zube a hanya, ƙwaya-ƙwaya.

Laifin a can biyu ne, datsewar da kuma ɗora sabon lissafi a kan lambar da aka riga aka taɓa. Na biyun ya fi yawa a harkar yau da kullum. Katan mai guda 24 a kan ₦10,000, kowane guda ya tashi ₦416.6666 har abada. In aka rubuta ₦416.67 a matsayin farashin guda sannan aka ninka da 24, an sami ₦10,000.08. Ajiyar ₦20,000 mai ribar kashi 4 a shekara tana samar da ₦2.19178 a rana; in aka daidaita kullum zuwa ₦2.19, a kwana 365 an sami ₦799.35 maimakon ₦800. A ƙaramin asusu abin ya fi muni: ₦50 a kan wannan kason tana samar da ɗan abin da ya haura rabin kwabo a rana. A datse, mai asusun bai sami komai ba duk shekara. A cika kullum, ya sami ₦3.65 a inda haƙƙinsa ₦2 ne. Shi ya sa ake tara irin wannan ribar da gurbi shida ko fiye bayan ɗigo, ba a kai ta kwabo sai ranar da za a zuba ta a asusu. Daidaitawa hawa-hawa ma ɓarna ce: ₦12.3447 kai tsaye ₦12.34 ce, amma in aka fara kai ta gurbi uku ta zama 12.345, daga nan sai ta haye 12.35.

Turawa sun ɗauki wannan da muhimmanci lokacin da suka shirya shigowar yuro a 1999. Dokar da suka kafa tun 1997 ta ce farashin canji tsakanin yuro da kowane tsohon kuɗi lambobi shida ne, ba a datse shi ba a daidaita shi: yuro ɗaya mak ɗin Jamus 1.95583, faran ɗin Faransa 6.55957. Ta kuma hana a juya farashin a yi amfani da kishiyarsa. In za a koma yuro, rabawa ake yi. Wannan ya shafi 'yan Nijar da Kamaru da Cadi kai tsaye, domin sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957. Sefa miliyan ɗaya in aka raba da wannan adadin yuro 1,524.49 ce. Wanda ya juya farashin ya taƙaita shi zuwa 0.0015 don sauƙin ninkawa zai sami yuro 1,500, ya yi asarar kusan yuro 25 a wurin da yake ganin ya yar da abin da bai kai ya kawo ba. Sefa kuma ba ta da gurbi bayan ɗigo a tsarin bankuna na duniya, kamar yen ɗin Japan, alhali dinarin Kuwait yana da uku. Yuro 100 sefa 65,595.7 ce, a rubuce 65,596. Manhajar da aka gina da zaton kowane kuɗi gurbi biyu gare shi za ta ninka kuɗin Maraɗi sau ɗari ko ta raba shi da ɗari.

Sai matsalar kwamfuta ita kanta, wadda ke kama har ƙwararru. Kwamfuta da sifili da ɗaya take ƙirga, kuma a wannan tsarin 0.1 ba ta ƙarewa, kamar yadda ɗaya bisa uku ba ta ƙarewa a namu. Sai ta ajiye abin da ya fi kusa. Shi ya sa a yawancin harsunan manhaja 0.1 da 0.2 in aka haɗa suke ba da 0.30000000000000004. A kan kuɗi, illar tana fitowa daidai a bakin rabin kwabo. Lambar 1.005 a cikin na'ura 1.00499999999999989 ce, don haka in aka ce harshen manhaja JavaScript ya kai ta gurbi biyu zai ba da 1.00, ba 1.01 ba. Python ma in aka ba shi 2.675 zai mayar da 2.67. Ƙa'idar ba ta sauya ba, lambar ce ba ita aka zata ba. Haka 19.99 sau 100 ke ba da 1998.9999999999998, wanda in aka datse shi an ci wa mutum kwabo.

Hanyar tsira biyu ce. Ko dai a riƙe kuɗin gaba ɗaya a matsayin cikakkun kwabbai, ₦199.50 ta zama 19950, ba a sa ɗigo sai lokacin nuna wa mutum. Haka kamfanin karɓar biyan kuɗi ta intanet Paystack ke karɓar adadi daga masu haɗa manhajarsu da shi. Ko kuma a yi amfani da nau'in lambar da aka gina don lissafin goma-goma, irin su BigDecimal a Java, Decimal a Python, da DECIMAL ko NUMERIC a rumbun bayanai. Ko a nan akwai wurin tuntuɓe. In aka ba Decimal lambar 1.005 da ta riga ta shiga tsarin sifili da ɗaya, da gurɓatarta zai karɓe ta. A matsayin rubutu ake miƙa masa ita. Mai riƙe kwabbai kuma ya duba girman ma'ajin lambar: mai bit 32 (gurbin sifili ko ɗaya guda 32) yana cika a kan 2,147,483,647, wato ₦21,474,836.47, kuɗin da bai kai na gida ɗaya a Abuja ba. Mai bit 64 ake sawa.

Masu aiki da Excel nasu tarkon ya fi sauƙin faɗawa. Rage gurbin da ake gani a tantani ba daidaitawa ba ce, rufe ido ne kawai. Tantani uku na ɗauke da 14.925, allon yana nuna 14.93 sau uku, jimla a ƙasa tana nuna 44.78, mai duba takardar ya haɗa da hannu ya sami 44.79. In ana son abin da ake gani ya zama shi ne abin da ake haɗawa, a sa ROUND a cikin tantanin kansa, kamar =ROUND(B2*0.075,2). Akwai wani zaɓi a saitin Excel da ke mayar da duk lambobi yadda ake ganinsu, amma gara a bar shi, domin yana goge sauran gurbin a dukan littafin kuma ba sa dawowa.

Mayar da kuɗi ma yana da nasa. Math.round na JavaScript yana kai 2.5 zuwa 3, amma −2.5 zuwa −2. An karɓi harajin kwabo 1,493 ranar sayarwa, ranar mayarwa na'urar ta lissafa −1,492.5 ta ba da −1,492, kwabo ɗaya ya maƙale a littafi. Kuɗin da za a mayar ba a sake lissafa shi, abin da aka rubuta ranar cinikin ake ɗaukowa a juya alamarsa.

Rabo shi ne inda daidaitawa, ko wace iri ce, ba ta isa ba. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza uku, babu iyaye, dukiyar da za a raba ₦1,000,000. Tumunin matar ₦125,000. Saura ₦875,000 tsakanin mutum uku, kowanne ₦291,666.6666. In aka cika wa kowa zuwa ₦291,666.67, jimla ta haura da kwabo ɗaya da babu shi. In aka datse wa kowa, kwabo biyu sun rage ba mai su. A zaman rabon gado 'yan'uwa kan yafe wa juna irin wannan, amma manhajar da za ta tura kuɗin ba ta san yafiya ba, dole biyu su sami 67 ɗaya ya sami 66. Hanyar da aka saba bi ita ce a mayar da kuɗin kwabbai, a ba kowa cikakkun kwabban da suka faɗo masa, a ƙirga abin da ya rage, sannan a bi da shi ɗaya-ɗaya ana farawa da wanda ɓurɓushinsa ya fi girma. Abokan kasuwanci uku masu jari kashi 2 da 3 da 4 za su raba ribar ₦1,000: na farko kwabo 22,222.22, na biyu 33,333.33, na uku 44,444.44. Cikakkun sun tashi 99,999, kwabon da ya rage ya tafi wurin na uku, ya karɓi ₦444.45. In ɓurɓushin ya zo kunnen doki kamar na magadan nan, sai an riga an rubuta abin da zai raba gardama, ko jerin suna ko karɓa-karɓa, don kada lissafi ɗaya ya ba da sakamako biyu a rana biyu.

Biyan bashi kashi-kashi ɗan'uwan wannan ne. ₦500,000 a wata 12 ta tashi ₦41,666.67 a wata, wanda sau 12 ya haura da kwabo huɗu. Ana barin wata 11 a haka, na ƙarshe ya zama abin da ya rage, ₦41,666.63. Manhajar da ba ta yi haka ba ita ce ke barin asusun bashi a buɗe saboda kwabo huɗu, ko ta ci gaba da aika wa mutum saƙon tuni bayan ya gama biya.

Duk wannan lissafin littafi ne. Kuɗin hannu nasa daban, kuma kuskure ne a cakuɗa su. Kanada ta daina rarraba tsabar santi ɗaya a watan Fabrairun 2013, ta kuma fayyace yadda za a yi: jimlar da ta ƙare da 1 ko 2 ta sauka zuwa sifili, 3 da 4 su hau 5, 6 da 7 su sauka 5, 8 da 9 su hau 10. Ana yin haka ne a kan jimlar ƙarshe bayan haraji, ba a kan kowane kaya ba, kuma ga mai biya da tsabar kuɗi kawai; mai kati yana biyan santinsa cif. A Nijar kasuwa ta daɗe da yanke nata hukuncin, da dala ake ƙirga, biyar-biyar. A Nijeriya tsabar kwabo 50 da naira ɗaya da naira biyu da aka fitar a 2007 ba su zauna a hannun mutane ba, rashin canji kan ƙare da alawa ko a ce a bar shi sai gobe. Kantin da ke son littafinsa ya haɗu yana rubuta cinikin yadda yake, ₦641.78, ya rubuta abin da ya shiga aljihun tebur, ₦650 ko ₦640, bambancin kuma ya kai shi wani layi na musamman da aka ware don shi. Harajin yana nan a kan ainihin farashin, ba a taɓa shi. Wannan layin ana duba shi duk wata: in yana kai-kawo kusa da sifili, tsarin lafiya lau yake, in kullum gefe guda yake kumbura, akwai inda ake datsewa ko ake cikawa ba bisa ƙa'ida ba, kuma daga na'urar da ta fi yawan ciniki ake fara nema.